Kurmin da Masauso Ya Sayar wa Baƙi

Yayana Masauso Njobvu mutum ne mai daɗin baki, amma bai iya jira ba. Tun muna yara, idan aka shuka gyaɗa shi ne mai tono ta bayan sati biyu ya ga ko ta yi 'ya'ya. Da ya girma sai halin ya girma da shi. Yana son a yaba masa yau a kan aikin da sai baɗi zai nuna, idan kuma gaskiya ta yi masa nawa sai ya aika ƙarya ta riƙe mata wuri. Shekara goma sha biyar ya yi yana zagawa da baƙi a buɗaɗɗiyar mota a bakin kogin Luangwa, yana nuna musu giwaye da dorina. Ran da damisa ta ƙi fitowa, sai ya nuna musu sawun wani kare ya zuba labari har su tafa masa. Ni ce ƙanwarsa, Tisaine, malamar firamare a ƙauyenmu Chikwaza, kuma da hannuna dumu-dumu a cikin abin da zan faɗa.

Mahaifiyarmu sunanta Esnart, amma ba mai kiranta haka. A nan da sunan ɗan fari ake kiran mace, don haka ita Amake Masauso ce, uwar Masauso, duk inda sunansa ya shiga nata yana biye. Ba ta da shanu, ba ta da kanti. Abin da ta tara a duniya shi ne mutunci. Shekara arba'in ba a yi makoki a Chikwaza da ƙauyukan kewaye ba tare da an gan ta a gindin murhu tana tuƙa tuwon masara wa masu zaman makoki ba. Ƙaninta, Kawu Yotam Mbewe, shi ne mai gari. Duk wanda ya san su ya san cewa ranar da Inna za ta bar duniya, gidanmu ba zai ɗauki mutane ba.

Wata rana a farkon rani Masauso ya zo gida da sabuwar magana. Ya same mu a gindin mangwaro muna ɓarar gyaɗa, ya jawo turmi ya kifa ya zauna.

"Inna, na bar tuƙi," in ji shi. "Na samu abin da ya fi shi. Kin san Turawan nan a jirgin sama suke zuwa. Jirgin yana zubar da hayaƙi, hayaƙin yana ɗumama duniya, shi ya sa damina ta rikice mana. Abin yana damunsu. To yanzu akwai wani kamfanin tafiye-tafiye a ƙasarsu da ke karɓar ɗan ƙari a kan tikiti, a dasa wa mutum itatuwa su shanye hayaƙin da tafiyarsa ta jawo. Diyyar hayaƙi ke nan. Sai a ba shi takarda, ya hau jirginsa da kwanciyar hankali. Ni zan riƙa dasa musu."

Inna ba ta ɗago daga gyaɗarta ba. "Hayaƙin, ran da suka taso yake tashi?"

"Ran nan."

"Shi kuma itacen da bai kai gwiwata ba, shi zai bi shi sama ya kamo?"

"A hankali yake sha, Inna. Shekara ashirin, talatin."

"Kai ne za ka jira abu shekara ashirin?" Ta yi dariya har tana share ido da bakin zani. "To Allah ya ba da sa'a. Dashe dai ba abin kunya ba ne."

Kawu Yotam ya ba shi tudun da ke bayan makarantarmu, ya ce masa ya haƙa ramuka ya jira ruwan Disamba. A nan matsalar ta fara. Baƙinmu daga Yuni zuwa Oktoba suke zuwa, lokacin da ciyawa ta bushe namun daji suka taru a bakin kogi. Da zarar ruwa ya sauka hanyoyi sun yanke, masaukai sun rufe, ba baƙo ko ɗaya. Wato lokacin baƙi daban, lokacin dashe daban, kowane yaro a kwarin nan ya san haka. Amma Masauso ya ce baƙo yana son ya dasa da hannunsa a ɗauke shi hoto, ba zai biya kuɗin ramin da babu kowa a ciki ba.

Haka aka riƙa dasa gawo da maɗaci a watan Agusta, cikin ƙasar da fartanya ke yin tsalle a kanta. Baƙi su durƙusa da hulunansu masu faɗi, su tura ƙasa da tafin hannu, a zuba ruwan gora ɗaya, a yi hoto, a tafi. Rijiyar burtsatse ɗaya gare mu, mata suna layi a kanta tun safe, wa zai bar ka ka ɗebi ruwan itace ɗari biyar? Abin da rana ta bari awaki suka cinye, abin da awaki suka bari giwaye suka taka a hanyarsu ta zuwa satar mangwaro. Kafin Oktoba tudun ya koma tsinke-tsinke. Da baƙin shekara ta biyu suka zo, a ramukan bara suka dasa. Akwai ramin da ke kallon tagar ajina, na ƙirga mutum tara da suka dasa itacensu a cikinsa.

A shekara ta uku kamfanin ya rubuto yana neman hoton dajin da aka dasa. Masauso ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Rana ta uku ya zo makaranta bayan an tashi, fuskarsa a sake, ya miƙo min wayarsa. Hoton wani kurmi ne mai duhu, kanya da tsamiya da maɗaci sun haɗe kai, ganye kore shar a tsakiyar rani. Na gane shi nan take, domin kurmi ɗaya ne irinsa a ƙasarmu.

"Yaya, wannan ai maƙabarta ce."

"Daga bakin hanya na ɗauka. Ban shiga ba."

Maƙabartarmu tana gabas da gari. Tun kakannin kakanni ba a taɓa sa mata gatari ba. Ko reshe ne ya faɗo, a nan zai ruɓe, macen da ta rasa itacen girki gara ta dafa da kashin shanu da ta ɗauko shi. Ba mai shiga sai ranar binne mutum, shi ma sai mai gari ya ba da izini.

"Ai za su gane ba dashen shekara uku ba ne," na ce.

"Na gyara maganar. Na ce musu dashen yana tafiya a hankali, amma ga wani tsohon kurmi da masu gawayi suke shirin sarewa, kuɗinsu ne ya tsare shi. Wannan ma ya fi yi musu daɗi. Babban itace ya fi ƙarami shan hayaƙi."

"Waɗanne masu gawayi? Ko mahaukaci ba zai kai gatari can ba."

"Su ba su san haka ba."

"To me kuɗinsu ya ƙara? Itatuwan nan suna tsaye kafin a haifi mai jirgin, za su ci gaba da tsayuwa ko an biya ko ba a biya ba. Hayaƙin da suke sha bara shi za su sha bana."

"Malama, ba aji muke ba," ya ce, ya karɓe wayarsa. "Ki bar wa yara tambayoyin nan."

Kamfanin ya yi murna fiye da yadda ya zata. Suka ce kowane matafiyi a ba shi itacensa, a rubuta sunansa a allo a manna a jiki, a aiko da sabon hoto duk wata uku. Rubutun Masauso kamar kaza ta yi tonon shara yake. Nawa kuwa, ba yabon kai ba, har daga wasu ƙauyuka ake kawo min allon coci da na kanti. Sai ya zo wurina.

Na ƙi, ranar farko. Rana ta biyu ya turo mota ta sauke bencina ashirin a ƙofar ajina, inda yara suka shekara shida suna zama a ƙasa. Rana ta uku na karɓi fenti da buroshi. Na gaya wa kaina cewa ni rubutu kawai zan yi, ƙafata ba za ta taka maƙabarta ba. Na gaya wa kaina cewa ba a sare komai ba, kuma Turawan ba za su ji a jikinsu ba. Gaskiyar ita ce ina son bencinan, ina kuma jin daɗin a ce rubutuna zai je Turai. Ya yanyanka tsohon kwanon rufi ƙanana-ƙanana, ni kuma na zauna a ɗakina na rufe ƙofa ina zana sunayen da ban iya furtawa ba. A cikin wata biyar na rubuta ɗari uku da goma sha biyu.

Da tsakar rana yake shiga, lokacin da zafi ya kori kowa cikin inuwa, ta wata ƙaramar hanya daga ɓangaren kogi. Ya naɗe kan gudumarsa da tsumma don kada a ji ƙara. Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa: ran da aka yi mutuwa a gari, masu haƙa kabari za su shiga su gani. Don haka yayana, wanda a da ko gaisuwar mara lafiya sai Inna ta yi masa faɗa, ya zama ba wanda ya kai shi sanin wanda ke tari a Chikwaza. Duk gidan da aka ce wani ya kwanta, ga Masauso da burodi da sukari, yana tambayar yadda aka kwana, yana leƙa idon mara lafiyan.

"Yaya jikin tsoho Sakala?" ya tambaye ni wata rana.

"Da sauƙi, an ce ya sha kunu."

"Kin tabbata? Numfashin nan nasa bai yi min ba."

Bai yarda da ni ba. Ya kwashe rana uku yana satar shiga da tsakar rana yana ciro allunan ya ɓoye su a buhu. Tsoho Sakala ya warke sarai har ya koma kamun kifi, Masauso ya sake kwashe rana uku yana mayarwa, yana zagin tsohon a ƙasan maƙoshi. Na yi dariya a lokacin. Ina jin kunyar wannan dariyar har yau.

Wadda ba ta san komai ba ita ce Inna. Ta ga ɗanta yana zaga marasa lafiya, mata suna tare ta a hanyar rijiya suna sa masa albarka. Ran wata Lahadi muna dawowa daga coci ta kama hannuna.

"Tisaine, na daɗe ina roƙon Allah a kan yaron nan. Kin ga ya yi hankali. Yanzu ko yau na tafi, na san na bar wanda zai riƙe mutane."

Na ce mata haka ne, na sunkuya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Daga baya wasu baƙin suka fara cewa suna son ganin itacensu ido da ido. Masauso ya riƙa kai su ta hanyar kogin, bibbiyu, uku-uku. Kaburburanmu ba su da dutse ko siminti, tudu ne kawai da ganye ya rufe, sai kofi ko kwanon mamacin da ake ajiyewa a kai. Baƙo ba zai gane ba.

A watan Satumba wata dattijuwar Baturiya mai suna Hannelore ta ziyarci makarantarmu da kwalin fensir. Ita ma malama ce, ta yi ritaya. Mace mai kirki, ta zauna a benci tare da yara ta yi waƙa da su. Da aka tashi ta ce bari ta nuna min wani abu, ta buɗe wayarta. Ga ta zaune a gindin wata babbar kanya, ta miƙe ƙafa, tana cin biskit, sunanta da rubutuna a saman kanta. Kusa da gwiwarta akwai wani shuɗin kofi na ƙarfe mai tsaga a baki. Kofin kakata ne, uwar Inna. A kan kabarinta matar take zaune.

"Yayanki ya ce kofunan na ba tsuntsaye ruwa ne," in ji ta. "Mutumin kirki. Kin san, shekara shida na daina hawa jirgi saboda abin yana damuna. Jikokina nake tunani. Amma da na ji wannan shirin sai na samu sauƙi. Bana tafiyata ta biyu ke nan, baɗi ina son in je ganin birai a Ruwanda."

Ta riƙe hannuna tana godiya. Da na buɗe baki a lokacin, da labarin nan ya zo da sauƙi. Na yi murmushi na ce mun gode da fensir.

Da yamma na samu Masauso yana wanke motarsa.

"Yaya, ka ciro allunan nan. Matar nan a kan Kaka ta zauna. Kuma shekara shida ba ta hau jirgi ba sai da muka yi mata ƙarya. Hayaƙin da muka ce mun rage, ƙara shi muka yi."

Ya matse tsumma. Na ga maganar Kaka ta taɓa shi.

"Zan ciro. Bari baƙi su ƙare. An gayyace ni taro a Lusaka wata mai zuwa in yi bayanin yadda muka ceci kurmin. Ina dawowa zan ciro duka."

"Idan aka yi mutuwa fa?"

"Na zaga jiya. Kowa garau yake."

Ya tafi Lusaka ran Talata, a tsakiyar Oktoba, da sabuwar kwat. Ran Laraba da safe Inna ta dawo daga rijiya, ta sauke bokiti, ta ce kanta yana sara, ta zauna a bakin ƙofa. Kafin a samo motar da za ta kai ta asibiti ta cika. Ba ta yi jinyar ko awa ɗaya ba.

Na kira Masauso. Ya fashe da kuka, na ji yana buga wani abu da hannu. Can sai kukan ya tsaya.

"Tisaine. Allunan."

"Na sani."

"Ki je ki ciro. Ko na bakin hanya ne."

"Ina zaune kusa da gawar Inna, mata sun fi arba'in a ɗakin nan. Ta ina zan fita? Da me zan ciro ƙusa ɗari uku?"

Ya ce zai kamo motar farko. Daga Lusaka zuwa nan tafiyar yini guda ce da ɗoriya, mu biyun mun san ba zai riga masu haƙa kabari ba.

Kafin rana ta faɗi gidanmu ya cika kamar yadda kowa ya zata. Mutane daga ƙauyuka bakwai, wasu a keke, wasu a ƙafa, da garin masara da kaji da itacen girki. Mata suna waƙoƙin coci suna ambaton alherinta. Ni kuwa ina tsakiyarsu ina ta lissafin awoyi. Ban yi wa uwata kukan da ya kamace ta ba, tsoro ya cinye wurin kukan. Kawu Yotam yana zaune a waje, taku goma tsakaninmu. Sau uku na yunƙura in je in durƙusa in gaya masa, sau uku na koma na zauna.

A al'adarmu dangin mamaci ba sa haƙa kabari, wani gida ne ke yi musu. Babban masu haƙa mana shi ne Zakeyo Lungu, dattijo mai ƙarancin magana. Ran Alhamis da sassafe Kawu ya ba shi izini, ya ce a haƙa wa Inna kusa da uwarsu. Suka tafi su takwas da fartanya da shebur. Ba a yi awa ɗaya ba suka dawo, ba ƙasa ko kaɗan a jikin kayan aikinsu. Waƙa ta tsaya da kanta.

Zakeyo ya durƙusa a gaban Kawu, ya ajiye allo ɗaya, da gorar ruwa ta roba, da ledar biskit.

"Mai gari, mun je. Mun tarar an riga an raba wurin. Kowane itace da mai shi. Wannan a jikin itacen da ke kan kabarin mahaifiyarka muka ciro shi."

Kawu ya juya allon a hannunsa. Idonsa ya yi rauni, karatunsa ma ba mai yawa ba ne.

"Rubutun wa ne?"

Ba wanda bai sani ba. Rabin garin a gaban wannan rubutun suka koyi baƙaƙe.

"'Ya'yana huɗu ta koyar," in ji Zakeyo, bai ambaci sunana ba.

Aka kira ni daga ɗaki. Na fito na durƙusa a gaban mutanen ƙauyuka bakwai.

"Tisaine, karanta min," in ji Kawu.

Na karanta sunan Hannelore. Daga nan na faɗi sauran, tun daga ramukan tudu har zuwa kofin Kaka. Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi min sauƙi. Zakeyo ya ce su ba za su sa fartanya a ƙasar da aka ƙazantar ba sai wanda ya kafa ƙusoshin ya ciro su da hannunsa. Kawu ya ce gaskiyarsu ne. Gawar 'yar'uwarsa ce a ɗaki, cikin zafin Oktoba, amma bai roƙe su ba.

Masauso ya iso bayan azahar, kwat ɗinsa a hannu. Tun daga bakin hanya ya ga yadda mutane suke kau da kai. Ya zo ya durƙusa kusa da ni. Ko a nan bakinsa bai haƙura ba.

"Kawu, na yi kuskure. Amma ban sare ko reshe ɗaya ba. Kurmin ma tsare shi na yi."

"Daga wa?" in ji Kawu.

Sannan Kawu ya ci gaba.

"Na ba ka tudu, na ce ka jira ruwa. Wata huɗu ne kawai. Baƙin nan sun ba ka amana ka dasa musu abin da babu, ka sayar musu da abin da yake nan tun kafin a haife ni. Su ka cuce su, matattu ka tattaka su. Ita kuma da ke kwance a ɗakin can, da sunanka za a riƙa tunawa da ita." Ya nuna hanyar maƙabarta. "Tashi ka ciro. Ƙanwarka ta riƙe kwando, duk wanda ka ciro ta karanta sunan da ƙarfi, waɗanda ke kwance a can su ji ko su waye suka zo musu."

Haka muka shiga, shi a gaba da filaya, ni a baya da kwando, mutanen gari suna biye a jere. Wasu ƙusoshin ɓawo ya riga ya fara haɗiye su, sai ya yi ta girgiza su, itacen yana zubar da ruwa. Kafin mu kai ɗari tafin hannunsa ya fashe. Ni ina karanta sunaye, ina tuna ranar da na zana kowane ɗaya da yadda na riƙa ja da baya ina duba ko ya yi kyau. A wurare da dama mun ga inda takalman baƙi suka baje tudun kabari. Duk wanda ya ga na nasa sai ya fita daga layi ya tsuguna yana tara ƙasar da hannu.

Rana ta faɗi kafin mu ciro na ƙarshe, kuma ba a binne mutum bayan faɗuwar rana. Inna ta sake kwana a ɗaki. Ba zan faɗi yadda ɗakin ya kasance ran Juma'a da safe ba. Tsofaffin matan da suka yi zaman makoki da ita shekara da shekaru su ne suka daure suka shirya ta, suna ƙona ganye a kasko.

Mutanen ƙauyukan kewaye sun koma gida tun ran Alhamis, kuma ba su dawo ba. Waɗanda suka raka ta ba su cika layi biyu ba. Matan coci suka yi waƙa ɗaya, fasto ya gajarta addu'a, aka rufe.

Bayan binnewa kowa yakan dawo gidan makoki, ya wanke hannu a ƙofa, ya zauna a ci abinci tare. Cin abincin nan shi ne shaidar cewa ana tare da gidan. Mun tuƙa tukunya shida, an yanka akuya biyu. Mutane suka zo suka wanke hannu a ƙofa, suka gaida Kawu, suka wuce. Ni da Masauso muna zaune a tabarma muna kallon bayansu. Matar da ta ciyar da makokin kowa, a nata ba wanda ya zauna.

Zakeyo ne na ƙarshe. Ya wanke hannu, ya tsaya jim, sannan ya shigo ya buɗe tukunya ɗaya. Ya gutsuri loma guda, ya dangwali miya, ya ci a tsaye.

"Wannan don ita ne," ya ce. "Ba don ku ba."

Ya rufe tukunyar ya fita. Washegari ni da Masauso muka ɗauki tuwon tukunya shida muka kai wa aladun maƙwabta.

Darasin da ke cikin labarin nan na kowa ne. Hayaƙin tafiya ranar tafiyar yake tashi, itacen da zai shanye shi kuwa yana bukatar damina da shekaru da mai gaskiyar da zai kula da shi, kuma takarda ba ta shan hayaƙi. Duk wanda aka ce ya biya diyya ya wanke laifin tafiyarsa, ya tambaya ko itacen yana raye, ya kuma tambaya ko da ma can yana nan ba da kuɗinsa ba. Idan amsar ba ta fito fili ba, rage tafiyar ya fi sayen kwanciyar hankali. Wanda kuma aka ba amanar aiki, ya yi shi a lokacinsa ko da yabo zai makara, domin ƙaryar da aka yi don gudun jiran wata huɗu ba a kan mai ita kaɗai take faɗowa ba, takan faɗo a kan wanda bai san komai ba. Kada kuma wani ya ruɗi kansa kamar yadda na yi, ya ce shi rubutu kawai ya yi. Wanda ya ga ɓarna ya yi shiru don ɗan abin da ya samu, ranar tonon asiri tare za a durƙusar da su.